Karatun fiziks a ƙaramar kwalejin Amurka: tambayoyin da na gaji da amsawa

Na yi digirina na fiziks a ɗaya daga cikin ƙananan kwalejojin Amurka da suke kira libaral ats. Tun daga lokacin, wata ba ya wucewa sai wani ƙanina ko ƙanwata sun turo mini tambayoyin nan. Ga amsa. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Kwaleji kuma? NCE za a ba ni ke nan?

A'a. Digiri ne na shekara 4, daidai da na jami'a. Sunan ne kawai ya zo ɗaya da na kwalejojinmu.

To me ya haɗa fiziks da 'yan ajin at?

Ba ajin at na sakandare ake nufi ba. Za ka yi fiziks da lissafi, ka haɗa da tarihi ko falsafa ko wani harshe. Sai wajen ƙarshen shekara ta biyu kake bayyana fannin da ka zaɓa.

Wannan ba ɓata lokaci ba ne?

Ku daina faɗin haka, don Allah. Wanda ya iya warware lissafi amma ya kasa rubuta shafi biyu yana bayanin abin da ya gano, wa zai ba shi kuɗin bincike? Darasin rubutun da na fi ƙi a shekarar farko, shi nake ci da shi yau.

Akwai wanda ya zama wani abu daga irin waɗannan makarantu?

Robert Millikan, wanda ya auna cajin ilektiron, Oberlin ya gama a 1891, ya karɓi kyautar Nobel a 1923. Arthur Compton ya gama Wooster a 1913, ya karɓa a 1927. Ya isa?

Ina son in kai digirin digirgir. In je ƙaramar kwaleji ko babbar jami'a?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Abin da ƙaramar kwaleji ta fi kowa shi ne kusanci da malami. Yawancin kwalejojin nan ba su da ɗaliban digiri na biyu da na uku, don haka farfesa da kansa ke koyarwa, kuma idan yana neman mai taya shi aiki a ɗakin gwaji, kai zai ɗauka. A aji na kwantam, wato fiziks ɗin ƙananan ƙwayoyi irin su ilektiron, mu ba mu kai goma ba. Malamin da ya san ka haka, wasiƙar shaidar da zai rubuta maka tana da nauyi.

Amma fa akwai gibi. Sashen fiziks ɗin ƙarami ne, malaman ba su da yawa, fannonin bincikensu ma haka. Wasu darussan manyan aji sai shekara bibbiyu ake koyar da su. Ka kuskure, shi ke nan. Darussan matakin digiri na biyu, waɗanda ɗalibin babbar jami'a ke leƙawa tun yana aji huɗu, galibi babu su.

Ɗaliban Amurka suna cike wannan gibi da shirin binciken bazara na REU, wanda NSF, hukumar tallafa wa binciken kimiyya ta gwamnatin Amurka, ke ɗaukar nauyi: mako goma ko makamancin haka a wata babbar jami'a, da alawus. Ga inda gizo ke saƙa: kuɗin NSF ɗin na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin. Kai mai bizar ɗalibi ba ka ciki. Ni sai da na cika takardu na gane haka, kuma ranar na ji ciwo ƙwarai. Saboda haka kafin ka amsa tayin kowace kwaleji, rubuta wa shugaban sashe ka tambaye shi ko suna da kuɗin binciken bazara na kansu da baƙo zai iya samu, da kuma inda ɗalibansu na shekarun baya suka tafi. In amsar ta fito sarai, je ka hankali kwance. In ka riga ka san fannin da kake so, kuma yana buƙatar manyan na'urori, wataƙila babbar jami'a ta fi maka. Na ce wataƙila, domin ɗan shekara 18 kan canza ra'ayi.

Zan iya zama injiniya daga can?

Wasu suna da tsarin shekara 3 a kwaleji, 2 a makarantar injiniya irin ta Jami'ar Columbia, ka fita da digiri biyu. Tallafin kuɗinka ba lallai ya bi ka can ba. Tambaya tun wuri.

Nawa ne kuɗin?

A manyansu ya haura dala dubu 80 a shekara, har da ɗaki da abinci. Kada gabanka ya faɗi, ƙanina. Amherst, alal misali, ba ta duba aljihun ɗalibin waje wajen ɗauka, kuma tana cike abin da iyaye suka gaza. Shiga ce ke da wuya.

Ba sai in yi aiki in biya ba?

Biza ta yarda da awa 20 a mako lokacin karatu, a cikin makaranta. Kuɗin littafi ne da rigar sanyi, ba kuɗin makaranta ba.