Waiwaye: Yadda waƙar coci ta Cwm Rhondda ta bar majami'a ta shiga filin wasa

Duk wanda ya taɓa kallon wasan rugbi na ƙasar Wales a babban filin Cardiff, mai cin mutum fiye da dubu 70, ya ji ta. Kafin a take wasa sai jama'a su ɗauki wata waƙa da murya ɗaya, maza na jan ƙasa, wasu na ɗagawa sama, kamar an yi musu bita. Cwm Rhondda ke nan, wato kwarin Rhondda da harshen Welsh. Waƙar ibada ce ta Kiristoci, kuma baitocinta sun girme wa filin da shekaru fiye da 200.

William Williams Pantycelyn, mai wa'azin ɗarikar Methodist, shi ya rubuta su da harshen Welsh a ƙarni na 18. Roƙo ne na matafiyi mai rauni da ke neman Allah ya yi masa jagora a cikin hamada, ya ciyar da shi da abinci daga sama, ya tsallakar da shi kogin Urdun. Labarin Bani Isra'ila ne da mannun da aka saukar musu. Peter Williams ya mayar da su Turanci a 1771.

Karin da aka sani yau bai zo ba sai 1907. John Hughes, wanda ya shiga aikin ma'adinin kwal tun yana yaro, daga baya ya zama akawu a mahaƙar Great Western da ke Pontypridd, shi ya tsara shi domin bikin ƙaddamar da sabon ogan, wato babban abin kiɗan coci, a majami'ar Capel Rhondda ta Hopkinstown. Lokacin ya dace ƙwarai. Shekaru kaɗan ke nan da farfaɗowar addini ta 1904 zuwa 1905 ƙarƙashin Evan Roberts, majami'u cike suke maƙil, kwarin Rhondda kuma cike da masu haƙar kwal. Mutumin da ya wuni a ƙarƙashin ƙasa, fuska baƙi ƙirin da ƙura, shi ne da yamma zai wanke jiki ya tafi bitar ƙungiyar mawaƙa. Shi ne kuma ranar Asabar zai tsaya a filin rugbi. A ganina nan sirrin yake: bakin da ya rera ta ranar Lahadi shi ya kai ta filin wasa, ba wanda ya tsara hakan.

Daga nan ta bazu. An ji ta a fim ɗin How Green Was My Valley na 1941. An rera ta a jana'izar Gimbiya Diana a 1997, aka sake rera ta a ɗaurin auren ɗanta William a 2011, duka a majami'ar Westminster Abbey da ke Landan. Magoya bayan ƙwallon ƙafa a Ingila ma sun ari karin, suka ɗora masa kalmomin tsokanar abokan hamayya idan an zura musu ƙwallo sun yi tsit.

Abin da ke taɓa zuciya shi ne tushen ya ƙafe. Mahaƙar Maerdy, ta ƙarshe a kwarin Rhondda, an rufe ta a 1990. Majami'u da yawa sun zama gidajen kwana ko shaguna. Masu jin Welsh da suka rage a coci kuwa galibi suna ɗora karin Hughes ne a kan baitocin Ann Griffiths, marubuciyar waƙoƙin ibada da ta rasu a 1805 tana da shekara 29, yayin da taron filin wasa ke rera na Turanci.