ISFJ: Ɗabi'ar Mai Riƙon Amana

ISFJ ɗaya ne daga cikin nau'o'in ɗabi'a 16 da gwajin Myers-Briggs ya kasa mutane a kansu. Ana siffanta mai wannan ɗabi'a da riƙon amana, da kula da nasa, da ƙin sakin abin da ya taras iyaye suna yi sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Tushen wannan rabo yana wajen Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya wallafa nazarinsa kan bambancin ɗabi'u a 1921. Wata Ba'amurkiya, Katharine Cook Briggs, da 'yarta Isabel Briggs Myers, su suka mayar da ra'ayinsa jerin tambayoyi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An buga littafin jagoran gwajin a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Kowane harafi a cikin ISFJ da abin da yake nufi, kuma kowanne zaɓi ne tsakanin halaye biyu masu kishiyantar juna. Na farko, mutum ne da hayaniyar taro ke gajiyar da shi, sai ya keɓe yake samun natsuwa. Na biyu, ya fi amincewa da abin da idonsa ya gani da wanda ya taɓa gwadawa, fiye da hasashe. Na uku, in zai yanke shawara sai ya fara duba wanda abin zai ɓata wa rai. Na huɗu, yana son tsari, ba ya son a bar magana a rataye.

A aikace, mazauna Birnin Zazzau ba sa bukatar gwaji kafin su gane irin wannan mutum, don kusan kowane babban gida yana da nasa. Ita ce goggon da ta san ranar sunan kowane jika, ta san wanda aka kwantar a asibitin Shika, kuma kafin sauran dangi su ji labari ta riga ta isa da kunu a fulas. In za a aurar da 'ya, ita ake tambaya yadda aka yi kayan gara a bikin uwar yarinyar, ta kuma lissafo su ɗaya bayan ɗaya. A cikin maza, shi ne wanda ba ya fashin gaisuwar Juma'a, ko da ya koma Samaru ko Sabon Gari da zama. Bai cika magana a zaure ba, amma shi ake ba ajiyar kuɗin marayu. Karin maganar nan ta "zumunta a ƙafa take" kamar dominsa aka yi ta.

Hausawa sun daɗe da sunayen waɗannan halaye. Anthony Kirk-Greene, Baturen Ingila da ya koyar a Zariya, ya yi nazari a 1974 kan ma'anar "mutumin kirki", inda ya kawo siffofi goma, daga ciki akwai gaskiya, amana, haƙuri, kunya da ladabi. Sai dai akwai bambanci. Kirki tarbiyya ce da ake nema daga kowa, ISFJ kuwa bayani ne kan inda zuciyar mutum ta fi karkata, ba yabo ba ne.

Inda wannan ɗabi'a take cutar da mai ita shi ne wajen cewa a'a. Kunya takan hana shi, sai ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa, ya ci bashi don fitar da ɗan'uwa kunya, a ɓata masa ya haɗiye. Da yake ba ya ƙorafi, dangi sukan ɗauka bai gaji ba, kuma wannan zalunci ne da ake yi masa ba da sani ba. Ɓacin ran yakan taru shekara da shekaru, ranar da ya fashe kowa ya yi mamaki. Yakan kuma yi jinkirin karɓar sabon abu, ko da tsohon ya daina amfani.

Masana ilimin halayyar ɗan Adam da yawa suna sukar gwajin kansa. Hujjarsu ita ce ɗabi'a hawa-hawa ce, ba ta rabuwa gida biyu tsaf, kuma mutum kan sake gwajin bayan 'yan makonni ya fito da wasu haruffan daban. A bincikensu sun fi amfani da wani ma'auni daban, mai auna manyan siffofi biyar na ɗabi'a. Duk da haka kamfanoni da masu ba da shawara kan zaɓen sana'a suna amfani da Myers-Briggs har yanzu, inda sukan danganta ISFJ da aikin jinya, koyarwa a firamare da kula da takardun ofis.