Imani da Ƙirƙirarriyar Basira: Tambayoyin da Ake Yi a Jos

Tun lokacin da kamfanin OpenAI ya fitar da manhajar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, maganar ƙirƙirarriyar basira (AI), wato fasahar da ke sa na'ura ta yi aiki kamar mai tunani, ta fita daga hannun masana kwamfuta, ta shiga zaurukan malamai da harabar coci-coci. A Jos, garin da aka kafa ƙungiyar Izala a 1978, wanda kuma hedikwatocin majami'un COCIN da ECWA suke cikinsa, da wuya sabon abu ya shigo ba a ɗora shi kan ma'aunin addini ba.

Me ya sa wasu masu riƙo da addini ke ɗari-ɗari da wannan fasaha?

Abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne ganin na'ura tana amsa tambaya kamar mai rai. Musulmi ya tashi da aya ta 85 ta Suratul Isra'i, wadda ta ce ruhi yana daga al'amarin Ubangiji, Kirista kuma ya tashi da Littafin Farawa, inda aka ce Allah ya halicci mutum cikin siffarsa. Wanda ya yi imani da haka ba zai ji daɗi ba idan aka ce masa injiniyoyi sun ƙera abin da ke tunani irin nasa. Shi ya sa wasu Kiristoci ke tuna hasumiyar Babila ko alamar dabba ta Ru'ya ta Yohanna, wasu Musulmi kuma suke lissafa ta cikin fitinun ƙarshen zamani.

To, na'urar tana da hankali ne?

Ba ta da shi. An ciyar da ita da ɗimbin rubuce-rubucen mutane, ta koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Ba ta da niyya, ba ta jin tsoron Allah, ba kuma za a yi mata hisabi ba.

Shugabannin addini sun haramta ta?

Manyan cibiyoyin addini sun fi karkata ga gindaya mata sharuɗɗa. A watan Fabrairu na 2020 fadar Vatikan ta jagoranci sa hannu kan wata takardar ɗa'ar amfani da wannan fasaha a birnin Rum tare da kamfanonin Microsoft da IBM, a watan Janairu na 2023 kuma wakilan Musulmi da na Yahudawa suka shiga cikinta. Fafaroma Francis ya yi wa shugabannin ƙasashen G7, ƙungiyar ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki, jawabi a kan fasahar a Italiya cikin watan Yuni na 2024, inda ya nace cewa kada a bar wa na'ura hukuncin kashe ɗan'adam.

Ya halatta a nemi fatawa ko shirya wa'azi da ita?

Nan ne gizo ke saƙa. A gabatarwar Sahihu Muslim an ruwaito Muhammad bin Sirin yana cewa wannan ilimi addini ne, don haka ku duba daga wa kuke karɓar addininku. Manhaja kuwa ba ta da malami, ba ta da isnadi, wato silsilar waɗanda aka karɓo ilimi daga gare su, kuma idan ba ta san amsa ba takan ƙaga ta da cikakkiyar gadara. Na gani da idona a wata Islamiyya a Unguwar Rogo: ɗalibi ya miƙo waya yana karanto hadisi da lambarsa, malam ya jawo littafin daga kanta, ya buɗe shafi bayan shafi, aka rasa hadisin a babin da aka ambata. Yaron bai yi nufin ƙarya ba, amma ya riga ya tura wa abokansa rubutun.

A ganina, babu laifi mutum ya yi amfani da ita wajen gyara rubutu, fassara ko tsara darasi, muddin zai koma ga littafi da malami. Fatawa kuwa tana buƙatar mai sanin halin mai tambaya, musamman a saki da gado. Haka fasto da zai tsaya gaban ikilisiya ranar Lahadi: ya san wace ce ta rasa miji a makon, wane ne aka kora daga aiki, abin da na'ura ba ta sani ba.

Wane hatsari ne ya fi kusa da mutanen Jos?

Muryoyi da bidiyoyin bogi. Yanzu ana iya kwaikwayon muryar malami ko fasto, a sa masa kalaman da bai taɓa furtawa ba, a watsa a WhatsApp kafin a yi sallar asuba. Garin da ya ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 ya san abin da jita-jita ke iya haddasawa cikin awa guda. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarci muminai su tantance labari kafin su cutar da wasu cikin rashin sani, Dokoki Goma kuma sun hana shaidar zur. Duk wanda aka turo wa irin wannan murya, ya fara kiran wani na kusa da malamin ko faston ya tambaye shi, ya kuma nemi cikakken wa'azin da aka ce daga cikinsa aka yanko ta, kafin yatsarsa ya taɓa maɓallin turawa.