Mece Ce "Eci-Indes" da Malaman Jami'a Ke Yawan Ambata?

Duk wanda ya taɓa zama da malaman Jami'ar Jihar Kaduna, ko likitocin Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, a lokacin da ake haɗa takardun neman ƙarin girma, ya ji wannan kalma. "Ai Malama wance eci-indes ɗinta ya haura ashirin." Sai ka ga ana jinjina kai, har da waɗanda ba su san yadda ake lissafinsa ba.

Eci-indes, wato "h-index" a Turance, ma'auni ne na tasirin mai bincike. Wani masanin fiziks na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, Jorge Hirsch, shi ya ɓullo da shi a 2005. Lissafin ba wuya. A jera maƙalun mutum, daga wadda wasu masu bincike suka fi kafa hujja da ita zuwa ta ƙarshe. A ce wata malama tana da maƙala biyar, an ambace su sau 40, 18, 6, 3 da 1. Tana da uku da kowacce aka ambata aƙalla sau uku, amma ba ta da huɗu da suka kai sau huɗu. Lambarta 3 ke nan. Tarin rubutun da ba mai waiwayarsa ba ya ɗaga ta, maƙala guda da ta yi tashe ma ba ta isa ba. Cikin shafukan intanet da ke ƙirga wannan ambato, Google Scholar kan ba da lamba sama da ta Scopus, domin ya fi kwashe-kwashe wajen ƙirga, shi ya sa mai son burgewa ya fi kawo tasa.

Inda gizo ke saƙa shi ne fannin da mutum ya faɗa. Ɗauki masu nazarin haihuwa da suka karkata ga ekzosom da danginsa. Waɗannan 'yan mitsi-mitsin ƙunshe-ƙunshe ne da ƙwayoyin halittar jiki ke fitarwa, faɗin ekzosom bai wuce nanomita 30 zuwa 150 ba, alhali sai an tara nanomita miliyan ɗaya kafin a sami milimita guda. Da Peter Wolf ya gan su cikin jini a Ingila a 1967, ƙura ya kira su. Rose Johnstone ta Kanada, wadda ta raɗa musu suna ekzosom a 1987, ta ɗauke su hanyar da ƙwayar halitta ke zubar da abin da ba ta buƙata. Sai a 2007 ayarin Jan Lötvall a Suwidin ya nuna cewa suna ɗauke da RNA, sinadarin da ke isar da saƙon gado a cikin ƙwayar halitta, daga wata ƙwaya zuwa wata. Abin da aka ɗauka shara ashe wasiƙa ce.

Daga nan kasuwa ta buɗe, kuma masu nazarin haihuwa ba su zauna ba. Akwai irin waɗannan ƙunshe-ƙunshe a ruwan maniyyi, suna shafar motsin ƙwayoyinsa. Mabiyiya ma tana zuba nata cikin jinin mai juna biyu, kuma an ga suna ƙaruwa ga masu hawan jinin ciki, wanda kan kai ga jijjiga. Fatan da ake yi shi ne wata rana a ɗebi jini kaɗan a gano mai haɗari tun da wuri. Har yanzu dai abin yana ɗakunan gwaji, bai zo layin awo ba.

Dubban maƙalu ke fitowa kan wannan fanni duk shekara, kowacce tana ambaton 'yan uwanta. Ƙa'idojin aiki da ƙungiyar masu wannan bincike ta duniya ta fitar a 2018 suna ɗauke da sunayen marubuta ɗaruruwa, an ambace su sau dubbai, kuma an rubuta wa kowane ɗayansu ladan cikakke. To, kwatanta wannan da likitar da ta shafe shekaru tana ɗinkin yoyon fitsari a Zariya. Masu rubutu a fanninta ba su da yawa, don haka masu ambatonta ma 'yan kaɗan ne, ko da matan da ta tsayar wa yoyo sun cika unguwa. Hirsch da kansa ya nuna cewa lambar ta bambanta daga fanni zuwa fanni.

Ga kuma shekaru. Ambato taruwa yake yi, saboda haka farfesan da ya ajiye alƙalami tun tuni zai iya ci gaba da gaban matashiyar da aikinta ke tashe yau. Wasu kuma kansu suke ambata, ko su yi 'yar adashe da abokai: ka ambace ni, in ambace ka. Scopus yana da wurin da ake latsawa a cire ambaton kai, kuma akwai waɗanda lambarsu kan rame sosai da zarar an latsa shi.