Roba daga rogo da masara: gaskiya ne ko talla?

Me ya haɗa sitaci da roba?

Yawancin leda da robobin da ke gidajenmu daga ɗanyen mai da iskar gas ake samo su, kuma man da aka haƙo ba ya dawowa. Sitaci da sukari kuwa shuka ce ke haɗa su da hasken rana da ruwa da iska, kowace damina a sake girbewa.

To, yaya masara take zama roba?

Ana mayar da sitacin masarar ya zama sukari, a zuba masa ƙwayoyin bakteriya su tsima shi, har su fitar da sinadarin nan da ke sa nono tsami. Sai a tace shi, a harhaɗa ƙwayoyinsa su yi dogon zare, shi ne robar da ake kira PLA. Kamfanin NatureWorks ya buɗe masana'antarsa a Blair, jihar Nebraska ta Amurka, a 2002, da masara yake aiki. A Rayong ta ƙasar Thailand da rake ake yi, a masana'antar da ke iya fitar da tan 75,000 a shekara. Ana yin kofuna da mazubin abinci da ita, likitoci ma suna amfani da danginta wajen zaren ɗinki da ƙusoshin ƙashi masu narkewa a jiki.

In an yar da ita tana ruɓewa?

A nan ne masu talla ke rufe mutane. PLA ba ta ruɓewa sai a wurin sarrafa taki mai danshi da zafin digiri 58 ko kusa da haka. Idan ta faɗa kwata, za ta yi shekaru tana toshe ruwa. Ledar da kamfanin Braskem ke yi daga rake a Brazil tun 2010 kuwa, ba ta da bambanci da ta man fetur, ba ta ruɓewa sam.

Ina rogon Najeriya a wannan harka?

Babu ƙasar da ta kai Najeriya noman rogo, amma mafi yawansa ciki yake tafiya: gari, alabo, fufu. Ba na goyon bayan a ɗauke abincin talaka a yi kofi da shi. Ɓawon rogo da karan masara da tuƙar rake, waɗanda ake zubarwa ko a ƙona, su ma cike suke da sukari a ɗaure. Kwance shi yana da wuya, yana cin kuɗi, kuma nan ya kamata jami'o'inmu su zuba ƙarfinsu.