Izinin Sassauci na Gina Rumfar Bayan Gida a Amurka

Izinin sassauci dama ce da hukumar gari a Amurka ke bai wa mai fili ya kauce wa wani sharaɗi na dokar tsara unguwanni ba tare da an taɓa dokar kanta ba. Dokar tana nan daram a kan kowa, fili ɗaya kawai ake ɗaga wa ƙafa. Cikin ƙananan gine-ginen da kan kai mai gida gaban kwamitin da ke ba da wannan izini akwai rumfar shan inuwa ta bayan gida: mai rufin kwano da ake jinginawa da bango, ko ta katako mai sandunan gicciye da itacen inabi ke hawa, ko 'yar bukka mai zaman kanta a tsakiyar lambu, ko rumfar ajiye mota. Wuyar lamarin ita ce doka ba ta tambayar ko mutanen gidan na bukatar inuwa. Abin da take tambaya shi ne ko filin yana da wata naƙasa da ta bambanta shi da na maƙwabta.

## Asali

Masu tarihin tsara birane sukan kai tushen raba gari shiyya-shiyya zuwa Jamus, inda birnin Frankfurt ya kafa irin wannan doka a 1891, zamanin magajin gari Franz Adickes. A Amurka ba a dace kan wanda ya fara ba. Wasu na ambaton garin Modesto na Kalifoniya wajajen 1885, da dokarsa da ta keɓe wa gidajen wanki ɓangare guda, wadda ake ganin 'yan asalin Sin aka nufa da ita. Wasu kuma sun fi karkata ga Los Angeles, wadda ta ware unguwannin zama daga na masana'antu tsakanin 1904 da 1909.

Dokar da aka fi yarda ita ce ta fara game gari sukutum ita ce ta birnin Niyok ta 1916. Ginin Equitable mai hawa kusan 40, wanda aka gama a 1915 a titin Broadway, ya miƙe sak daga bakin titi babu ja da baya, ya tare wa maƙwabta rana da iska. Ana cewa inuwarsa kan lulluɓe kimanin eka 7. 'Yan kasuwar titin Fifth Avenue su ma suna kukan masana'antun ɗinki sun matso musu. Lauya Edward Bassett, wanda ya jagoranci aikin tsara dokar, yana cikin waɗanda suka hango cewa ƙa'ida ɗaya ba za ta dace da dubban filaye ba, kuma idan ta danne wani fiye da kima kotu na iya soke ta. Shi ya sa aka haɗa ta da hukumar sauraron koke mai ikon ɗage sharaɗi. Tun farko ke nan an tanadi sassaucin ne don tsare dokar daga faɗuwa a kotu, jin ƙan mai gida ya biyo baya.

Abin da ya yaɗa tsarin ko'ina shi ne samfurin doka da Ma'aikatar Kasuwanci ta Amurka ta fitar lokacin da Herbert Hoover ke shugabantarta. Daftarinsa ya fara yawo wajajen 1922, aka buga shi a 1924, aka sake gyara shi a 1926, jihohi kuma suka kwafe shi kusan kalma da kalma. Sashe na 7 ya tanadi kwamiti mai mutum 5, kowanne da wa'adin shekara 3, kuma sai 4 daga cikinsu sun amince kafin a ba da sassauci. Ya ce za a ba da shi ne idan, saboda wani yanayi na musamman, bin dokar sau da ƙafa zai jawo wahalar da ba ta wajaba ba, muddin bai saɓa wa maslahar jama'a ba kuma an kiyaye manufar dokar. Wanda hukuncin bai yi masa ba yana da kwana 30 ya garzaya kotu. Har yau da waɗannan kalmomi ake auna rumfar bayan gida a jihohi da yawa.

Kotun Ƙolin Amurka ta yi hukunci kan ikon tsara unguwanni a shari'u uku a jere, kuma Mai Shari'a George Sutherland ne ya rubuta dukkansu. A 1926, a ƙarar ƙauyen Euclid na kusa da Cleveland a jihar Ohio da kamfanin Ambler, wanda ke da eka 68 yana kukan dokar ta karya darajar filinsa, alƙalai 6 cikin 9 suka ce raba gari shiyya-shiyya bai saɓa wa tsarin mulki ba. A 1927, a shari'ar Gorieb da Fox daga garin Roanoke na Virginia, kotun ta halatta tilasta barin tazara tsakanin gini da titi, ta kuma amince da ikon da majalisar garin ta riƙe na yin togaciya. Wannan ita ce ta fi kusa da batun rumfa, ko da yake ba a cika ambatonta ba. A 1928 kuma, a shari'ar Nectow da birnin Cambridge na Massachusetts, kotun ta nuna cewa doka na iya zama halal a dunƙule amma ta zama zalunci a kan wani fili guda, wanda shi ne ainihin gurbin da sassauci ke cikewa.

## Inda rumfa ke cin karo da doka

Kowane gari da nasa adadin, amma wuraren karon kusan iri ɗaya ne: tazara daga iyakar fili, tsayi, da kason filin da aka yarda rufi ya mamaye. Dalilan da ake bayarwa su ne hana gobara tsallakawa, hana ruwan indararo zuba a gidan maƙwabci, da barin haske da iska.

Abin da ke yawan ba masu gida mamaki shi ne bambancin rumfar da ke manne da gida da wadda ke tsaye ita kaɗai. A garuruwa da dama, ta biyun na iya matsawa 'yan ƙafafu kaɗan daga shinge, sau da yawa ƙafa 5. Amma da zarar an ɗaure katakon rufin a bangon gida, rumfar ta zama ɓangaren gidan, sai ta bi tazarar babban gini, wadda kan kai ƙafa 20 ko 25 daga iyakar baya. Mutum ya auna, ya sayo ginshiƙai, ya zuba kankare, sannan sufeto ya zo da awonsa ya ce ƙusoshin nan huɗu da suka shiga bango sun sauya wa ginin matsayi. Filin kusurwa shi ma yana da tasa matsalar, domin doka kan ɗauke shi a matsayin mai fuska biyu, abin da mai gida ke kira bayan gida sai ya zama gaban gida a takarda. Ko rufin sanduna mai giɓi-giɓi ana lissafa shi rufi ne, wannan ya danganta da garin.

Izinin gini daban yake da dokar unguwanni. Kundin ƙa'idojin gina gidajen zama da yawancin jihohi ke aro ya yafe izinin gini ga ƙaramin gini mai hawa ɗaya mai zaman kansa da bai wuce murabba'in ƙafa 200 ba (kimanin murabba'in mita 18.6), Kalifoniya kuma ta tsaya a 120. Yafewar ba ta shafi tazara ba.

## Ma'aunin wahala

Sassauci iri biyu ne. Akwai na amfani, kamar buɗe shago a unguwar zama, akwai kuma na awo, wanda ya shafi tazara, tsayi ko faɗi. Rumfa a na biyun take. Dokokin jihohin Kalifoniya da Carolina ta Arewa sun haramta na farko.

Ma'aunin da ya fi tasiri ya fito daga babbar kotun jihar Niyok a 1939, a shari'ar Otto da Steinhilber: sai an nuna filin ba zai ba da amfani mai ma'ana ba idan an bi doka, matsalar ta keɓanta da shi ba ta dukan unguwa ba ce, kuma sassaucin ba zai sauya kamannin unguwar ba. An gina wannan ne don sassaucin amfani, amma kotunan wasu jihohi suka ɗora shi a kan na awo, abin ya zo da tsauri ƙwarai. Misalin da aka fi sani ya faru a Wisconsin a 1998. Wani gida a bakin tafki a gundumar Kenosha ya samu izinin kwamiti na ƙara dandamalin katako da zai shiga cikin tazarar ƙafa 75 da doka ta ware daga bakin ruwa. Gwamnatin jihar ta ƙalubalanci izinin, Kotun Ƙolin jihar kuma ta soke shi, bisa hujjar cewa an daɗe ana zaune a gidan babu dandamalin, saboda haka ba a rasa amfani da filin ba. Da wannan awo babu rumfar da za ta taɓa tsallakewa, tunda gida ba ya daina zama gida don ba shi da inuwa a baya. A 2004, a shari'ar Ziervogel, kotun ta janye daga wannan matsayi a kan sassaucin awo, ta ce ya isa a nuna cewa bin dokar ya ɗora nauyin da bai wajaba ba. Pennsylvania ta yi irin wannan sassautowa a shari'ar Hertzberg ta 1998.

Jihar Niyok ta bi wata hanyar. Tun 1992 dokarta ta umarci kwamiti ya auna amfanin da mai nema zai samu da cutarwar da unguwa za ta sha, yana duba ko kamannin unguwa zai lalace, ko akwai wata hanyar da ba ta bukatar sassauci, girman abin da ake nema, tasirinsa ga muhalli, da ko mai neman ne ya jawo wa kansa matsalar. Wannan na ƙarshe ana la'akari da shi amma ba ya kashe bukata shi kaɗai. Massachusetts ta ci gaba da tsauri: dole wahalar ta fito daga yanayin ƙasar wurin, siffar filin ko gangarensa.

A kusan ko'ina, kuɗin da aka riga aka kashe ba hujja ba ne, haka ma tsufa ko yawan iyali. Wanda ya gina kafin ya tambaya ana ɗaukarsa shi ya sayo wa kansa wahala. Nan ne tsarin ya fi yi wa bukatar jama'a nisa. A bazarar 2023 birnin Phoenix ya yi kwana 31 a jere zafi na kai digiri 110 a ma'aunin Faranhait (sama da 43 a Salshiyos), gundumar Maricopa da birnin ke ciki kuma ta ƙirga mutum 645 da zafi ya yi ajalinsu a shekarar. Inuwa a irin wannan wuri ba ado ba ce. Sai dai zafin ya game kowa a unguwa, don haka a idon doka bai keɓanta da fili guda ba, kuma dokar da aka soma saboda ƙorafin inuwar dogon bene ba ta tanadi gurbi ga mai neman inuwa ba. Mai naƙasa ko ciwon da rana ke tayarwa yana da wata ƙofar, ta neman daidaitawa a ƙarƙashin dokar adalcin gidaje ta tarayya kamar yadda aka gyara ta a 1988.

## Yadda ake nema

Yawanci ana farawa ne bayan ofishin tsara gari ya ƙi amincewa da zane. Mai gida zai cike takarda, ya biya kuɗi, ya haɗa taswirar safiyo da ke nuna iyakoki da inda kowane ginshiƙi zai tsaya, tare da bayanin da ke amsa sharuɗɗan doka ɗaya bayan ɗaya. Ana aika wa maƙwabta sanarwa, a New Jersey waɗanda ke cikin ƙafa 200, a Kalifoniya ƙafa 300, aƙalla kwana 10 kafin zama. Wasu garuruwan kan kafa allo a ƙofar gidan. Zaman a bainar jama'a ake yi, galibi da yamma, 'yan kwamitin kuma mazauna garin ne da aka naɗa. Suna iya gindaya sharaɗi, kamar kada a toshe gefunan rumfar ko a juya indararo ciki. Izinin yana bin filin ne ba mai shi ba, ko an sayar yana nan. A Massachusetts yana faɗuwa idan ba a yi aiki da shi cikin shekara guda ba. Wasu garuruwan sun bai wa ma'aikacin ofis ikon yafe 'yar ƙaramar tazara ba sai an yi zama ba.

Izinin gari ba ya soke yarjejeniyar ƙungiyar masu gidajen unguwa, kuma ba ya halatta gini a kan hanyar bututu ko wayar lantarki da aka keɓe a takardar fili.

## Saɓani

An daɗe ana sukar kwamitoci da cewa suna ba da izini fiye da yadda doka ta yarda. Binciken Jesse Dukeminier da Clyde Stapleton na 1962 kan kwamitin Lexington a Kentucky na cikin waɗanda aka fi kafa hujja da su. A 1974, a shari'ar Topanga, Kotun Ƙolin Kalifoniya ta wajabta wa hukumomi su bayyana dalilan da suka haɗa shaida da hukunci. Masu suka na ganin rashin ƙorafin maƙwabci ya maye gurbin ma'aunin doka. Masu kāre tsarin na cewa idan unguwa ta cika da neman sassauci iri ɗaya, dokar ce ke bukatar gyara.

## A wasu wurare

Houston, birni a jihar Texas, ba ta da dokar raba shiyyoyi, masu zaɓe sun ƙi ta a 1948 da 1962 da 1993, amma tana da ƙa'idojin tazara da sharuɗɗan takardar fili. A lardin Ontario na Kanada, kwamitin daidaitawa ne ke duba ƙaramin sassauci da gwaji 4 a ƙarƙashin sashe na 45 na dokar tsara gari. A Ingila an yafe wa ƙananan gine-ginen lambu neman izini bisa wasu sharuɗɗa, ciki har da cewa wanda ke cikin mita 2 daga iyaka kada ya wuce mita 2.5 a tsayi.