Lamarin Asibitin St. Joseph na Phoenix

Lamarin asibitin St. Joseph wata taƙaddama ce da ta ɓarke a cocin Katolika na Amurka tsakanin 2009 da 2010, kan iyakar abin da asibitin coci zai iya yi idan ciki ya zama barazana ga rayuwar mai ɗauke da shi. Asibitin yana birnin Phoenix a jihar Arizona, kuma sistoci, wato matan da suka keɓe rayuwarsu ga hidimar coci, ne suka kafa shi a 1895.

Koyarwar Katolika ba ta da sassauci a kan zubar da ciki. Ana ɗaukar ɗan tayi a matsayin mutum tun daga ranar da ciki ya shiga, kuma Paparoma John Paul na Biyu ya ƙara jaddada haka a wasiƙarsa Evangelium Vitae ta 1995. Asibitocin coci a Amurka, waɗanda sun haura 600, suna bin wasu ƙa'idoji da majalisar bishop-bishop ta ƙasar ta rubuta. A lokacin da lamarin ya faru, ƙa'ida ta 45 ta haramta zubar da ciki kai tsaye. Ta 47 kuwa ta yarda a yi wa mai ciki tiyata ko a ba ta maganin wata babbar cuta da ba za a iya jinkirtawa ba, ko da hakan zai jawo mutuwar ɗan tayin. Misalin da aka saba bayarwa shi ne cire mahaifar da ta kamu da ciwon daji.

A watan Nuwamban 2009 aka kwantar da wata mata 'yar shekara 27, mai 'ya'ya huɗu, da cikin mako 11. Tana fama da hawan jinin huhu, cutar da ke tilasta wa zuciya yin aikin da ya fi ƙarfinta, ciki kuma yana ƙara mata nauyi. Likitoci sun ce idan aka bar cikin, da wuya ta tsira, kuma idan ta mutu ɗan tayin ma ba zai rayu ba. Kwamitin ɗa'a na asibitin, wanda Sista Margaret McBride take ciki, ya amince a cire cikin. Matar ta rayu.

A watan Mayun 2010 Bishop Thomas Olmsted na Phoenix ya bayyana cewa da wannan amincewar Sista McBride ta fitar da kanta daga tarayyar coci, kamar yadda dokar coci ta tanada. A ganinsa, ba wata gaɓa mai cuta aka yi wa magani ba, ɗan tayin aka nufa kai tsaye. Asibitin ya tsaya a kan cewa ƙa'ida ta 47 ya bi. Malamar tauhidi M. Therese Lysaught, wadda ta yi nazarin lamarin, ta ce manufar aikin ita ce ceton ran da ake iya ceta. A nan ne gardamar ta fi wuya, domin kowane ɓangare da gaske yake ganin shi ne ya riƙe amanar koyarwar, kuma a gadon asibiti ba a samun lokacin da malamai ke samu a ɗakin karatu.

Ranar 21 ga Disamba, 2010, bishop ya cire wa asibitin sunan Katolika, ya kuma hana yin sujadar Mas a cikinsa. Ƙungiyar asibitocin Katolika ta Amurka, ƙarƙashin Sista Carol Keehan, ta goyi bayan asibitin. Daga baya an mayar da Sista McBride cikin tarayyar coci. A 2012 kamfanin da ke riƙe da asibitin, Catholic Healthcare West, ya sauya suna zuwa Dignity Health.